RA'AYINMU: Wa Ke Kula Da 'Ya'yan Mashayi A Cikinmu?



Wa'azi a kan shan giya ba baƙo ba ne a majami'unmu. Kusan kowace shekara, musamman gab da Kirsimeti, ana yinsa, kuma daidai ne a yi. Sai dai wa'azin yakan tsaya a kan mai sha. Yaron da ke buɗe masa ƙofa da tsakar dare, da yarinyar da ke share amai kafin maƙwabta su tashi, su ba a cika ambatonsu ba. Ran Lahadi suna zaune cikin Makarantar Lahadi, suna haddace aya tare da sauran yara, ba mai sanin yadda suka kwana. A wannan fitowa, waɗannan yara ne abin da muke so dattawa da membobi su duba tare da mu.

Yadda zamanmu yake

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama hedkwata, aiki ya kawo mutane daga ƙasar Zuru da Yawuri da wasu jihohi: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, sojoji, masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Yawancin ikilisiyoyinmu a nan da Argungu daga cikin waɗannan aka gina su. Wannan tarihi yana da nasa tasiri a kan yaran da muke magana.

A ƙauye, in uba ya dawo a buge yana faɗa, yaro yakan tsallaka zuwa ɗakin kakarsa ko gidan kawunsa ya kwana, a ba shi tuwo, gari ya waye. A nan kuwa iyali na cikin gidan haya, ɗaki ɗaya ko biyu, dangi na nesa da tafiyar rabin yini, maƙwabta kuma ba a so su ji. Ikilisiya ita ce kaka, ita ce kawu, ita ce gwaggo. In ita ma ta kau da kai, yaron ba shi da wata ƙofa.

A shekarar 2000 Jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara ta kafa Shari'a, aka hana sayar da giya da shanta a fili. Giyar ba ta bar jihar ba. Ta koma kasuwannin mami na barikoki, da bayan gari, da ɗakunan da masu shanta suka sani. Mu da muke 'yan tsiraru, wannan ya ƙara mana wani nauyi. Da yawa cikin maƙwabtanmu suna haɗa giya da sunan Kirista, ko da yake kowa ya san masu zuwa wuraren nan daga kowane addini suke. Saboda haka in an ga memba ɗaya yana tangaɗi a hanya, sai mu ji kamar dukan ikilisiya ce aka tona. Daga nan sai a ce wa matarsa ta yi haƙuri, a ce wa yara su yi shiru, a rufa asiri don kada a zagi sunan Yesu. Nufin mai kyau ne, amma wanda ke ɗaukar nauyin wannan rufin asiri yaro ne ɗan shekara goma.

Ita ma giyar ta sake. Burkutun dawa da ake sha a wurin gayya ko biki yakan ɗauki kwanaki kafin ya nuna, ana shansa cikin jama'a a ƙwarya, ƙarfinsa kuma bai cika wuce na giyar kwalba ba. Barasar leda da ta ƙananan robobi kuwa, wasunta kan kai kashi 40 cikin 100, tana shiga aljihu, ana iya shanta a bayan gida ko a kan babur kafin a shiga ofis. A watan Disamba na 2018 hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka yi yarjejeniya da masu masana'antu cewa cikin shekara biyar za a daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, babban dalili shi ne sauƙin da yara ke samu wajen sayenta. A watan Fabrairu na 2024 hukumar ta sanar da fara hanin, masu masana'antu suka tashi da jayayya, aka yi ta jan ƙafa. Kada dattijo ya ɗauka cewa tun da bai ga kwalba a gidan memba ba, lafiya ke nan.

Abin da yaron ke gani

Mu fara da kuɗi, gama shi ne ya fi sauƙin lissafi. A 2024 gwamnatin jiha ta amince da Naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Mutumin da ke kan wannan albashi, in yana kashe Naira 1,000 kawai kowace rana a wurin sha, a wata ya kashe 30,000, wato kashi 40 cikin 100 na abin da ya samu. A shekara Naira 365,000 ke nan. Daga ina kuɗin ke fitowa? Daga kuɗin makaranta, da na haya, da na cefane, da na magani. Wanda ke noman shinkafa a fadamar Rima ko yake ƙwadago a can, shi a lokacin girbi ne kuɗi ke shigo masa gaba ɗaya, kuma mun ga buhunan da ya kamata su kai iyali damina sun ƙare kafin Ista.

Amma yaran da suka tashi a irin wannan gida, in sun girma suka buɗe baki a ofishin fasto, ba yunwa suke fara ambata ba. Abin da suke fara faɗa shi ne rashin sanin wane Baba ne zai shigo yau. Akwai Baban safe, mai wasa, mai duba littafin makaranta, mai jagorar addu'ar iyali. Akwai kuma Baban dare. Yaro yakan koyi gane wanda ke zuwa daga yadda aka kashe babur a ƙofar gida, ko daga yadda aka taɓa ƙyaure. Yana barci da kunne ɗaya a buɗe. Da safe malami ya ga yana gyangyaɗi a aji, ya kira shi rago, ya ƙara masa bulala a kan ta jiya.

A yawancin gidajen, babbar 'ya ce ke zama uwa tun ba ta kai ba. Ita ke ɓoye kuɗin cefane, ita ke tura ƙanne ƙarƙashin gado in faɗa ya tashi, ita ke fita ta ce wa mai gidan haya ko mai bin bashi, "Baba ba ya nan," alhali yana kwance a ciki. A majami'a ita ake yabo: ga natsuwa, ga hidima, ba ta ƙin aike. Ba mai tambayar abin da ya sa yarinya 'yar shekara goma sha uku ba ta dariya. Wani yaron kuma fushi yake kwasowa daga gida ya zube a waje, ya zama mai faɗa a ƙungiyar matasa, har a kore shi. Wani ya zama kamar inuwa, ba ya magana, ba ya kawo aboki gida. Dukansu abu guda suka koya: kada ka faɗa, kada ka amince da alkawari, kada ka nuna abin da ke ranka. Da yawa kuma suna ɗauka laifinsu ne, cewa da sun ci jarrabawa ko da ba su yi surutu ba, da Baba bai sha ba.

Kada mu manta akwai gidajen da uwa ce ke sha. Wannan ya fi ɓoyuwa, domin kunyar ta fi yawa, kuma haɗarinsa yana farawa tun kafin haihuwa. Tun 1973 likitoci suka ba da suna ga lahanin da giya ke yi wa ƙwaƙwalwa da girman jaririn da ke ciki, kuma ba su san wani adadi da mai ciki za ta sha ba tare da haɗari ba. Akwai kuma gwauraye mata da ke dafa burkutu don biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Kafin a zauna a kan maganarsu, a fara tambaya wace sana'a ikilisiya za ta taimaka musu su kama.

Abin da muke gani a nan, masana sun auna shi a wasu ƙasashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2024 cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan 2 daga cikinsu maza, kuma mutum kimanin miliyan 400 ke fama da matsalar sha. Bayan da yawa cikin waɗannan akwai yara. A Amurka an binciki manya fiye da 17,000 game da ƙuruciyarsu, aka fara buga sakamakon a 1998. Kimanin ɗaya cikin huɗu ya tashi a gidan da wani ke shan giya ko ƙwaya fiye da kima, kuma gwargwadon yawan wahalar da mutum ya sha a gida yana yaro, gwargwadon yadda ciwon damuwa, shaye-shaye, ciwon zuciya da yunƙurin kashe kai suka fi samunsa da ya girma.

Barewa da ɗanta

Akwai karin maganar da ake jifan waɗannan yara da ita, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tana fitowa a lokacin binciken aure, sa'ad da iyalin yarinya suka ji cewa uban saurayi mashayi ne, sai magana ta mutu. Tana fitowa kuma sa'ad da ake zaɓen ma'ajin matasa.

Gaskiya ne masana sun gano cewa kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya yana bin jini, kuma ɗan mashayi ya fi sauran yara shiga haɗarin har kusan sau huɗu. Ya kamata a gaya wa matasanmu wannan a fili, don su san cewa kurɓin da abokinsu zai yi ya wuce, su yana iya kama su. Amma binciken nan ɗaya ya nuna cewa fiye da rabin 'ya'yan mashaya ba sa zama mashaya. A tsibirin Kawai na Amurka an bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a gidaje masu wahala, kimanin ɗaya cikin uku ya zama mutum natsattse mai riƙon iyali, kuma abin da aka fi samu tare da su shi ne wani babba guda, kaka ko malami ko maƙwabci ko shugaba a majami'a, wanda ya tsaya musu bai sake su ba. Duk mai karanta sura 18 ta littafin Ezekiyel ya san cewa Allah da kansa ya tsawata wa Isra'ila a kan wata karin magana mai kama da tamu, ya kuma nuna cewa kowa da nasa alhaki zai tsaya. Ikilisiyar da ke auna yaro da kwalbar ubansa tana yin abin da Ubangijinta ya hana.

Girmama iyaye

Tambayar da matasa suka fi kawo mana ita ce, "Baba Fasto, yaya zan girmama mutumin da nake ɗaukowa daga kwata?" Amsarmu ita ce umarnin yana nan, bai faɗi ba. Yaro ba zai zagi ubansa ba, ba zai ɗaga masa hannu ba, ba zai mai da shi abin dariya a unguwa ba, in ya tsufa ko ya kwanta ciwo kuma zai kula da shi. Amma girmamawa ba ta ƙunshi yin ƙarya dominsa ba, ko zuwa sayo masa barasa, ko tsayawa a sha duka, ko miƙa masa kuɗin makaranta.

Wasu sukan kawo labarin Nuhu cikin Farawa sura 9 don su rufe bakin yara. Abin da aka yaba wa Shem da Yafet shi ne sun ƙi mai da faɗuwar mahaifinsu abin kallo. Yarinyar da ta je wurin matar fasto a asirce ta ce ana dukan mahaifiyarta ba kallo ta kira ba, ceto take nema. A duba kuma Abigel cikin 1 Sama'ila sura 25. Mijinta Nabal yana can yana biki a buge, ita ta tashi ta yi abin da ya tsirar da dukan gidan ba tare da jiran izninsa ba, sai da giya ta sake shi da safe ta gaya masa gaskiya. Nassi ya yaba hankalinta. Wasiƙar Afisawa sura 6 da ta umarci 'ya'ya, ita ce kuma ta juya nan take ta gargaɗi ubanni.

Abin da muke roƙon dattawa

Na farko, horo. Ba mu ce a daina sa mashayi ƙarƙashin horo ba. Muna roƙo dai, duk ranar da kwamitin dattawa ya zauna a kan maganar wani, kada a tashi sai an rubuta sunayen 'ya'yansa da shekarunsu, an kuma san wanda zai riƙa duba kowannensu. A yi tunani a kan yadda ake sanarwa, gama sa'ad da ake karanta sunan uba a gaban taro, 'ya'yansa na zaune a benci, kuma akwai waɗanda daga ranar ba su sake taka majami'a ba. A gaya musu tun kafin ranar, a kuma tabbatar musu cewa matsayinsu a ƙungiyar mawaƙa ko ajin baftisma yana nan.

Na biyu, taimako ya bi hanyar da zai isa. Kuɗin makaranta a biya kai tsaye a makaranta, hatsi a ba uwa a hannu, haya a ba mai gida. Zumuntar Mata ta san gidajen nan fiye da kowa, a yi aiki tare da ita.

Na uku, kowace ikilisiya ta sami gida biyu ko uku na amintattun iyalai, waɗanda dattawa suka tantance, inda uwa da yara za su iya ƙwanƙwasa ƙofa ko da ƙarfe ɗaya na dare ne. 'Yan mata su kasance a hannun mata. Yaron da ba shi da mai kula a gida shi ne mugaye suka fi hari, har a cikin masu zuwa sujada.

Na huɗu, inda akwai duka mai raunatawa ko lalata da yaro, magana ta wuce sulhu a ofishin fasto. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003, Jihar Kebbi ma ta sa hannu a kan nata dokokin kare yara da hana cin zarafi a 2022. A kai yaro asibiti, a sanar da ofishin jin daɗin jama'a ko 'yan sanda. Sunan ikilisiya ya fi ɓaci a ranar da aka gano ta sani ta yi shiru.

Na biyar, a san cewa jarabar giya zunubi ce da ke bukatar tuba, ciwo ce kuma da ke bukatar likita. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya tsaya farat ɗaya bayan taron farkawa, jikinsa na iya fara rawa da zufa, ya yi farfaɗiya, a kwana na biyu ko na uku ya fara ganin abubuwan da ba su nan. Wannan na iya kisa. Kada a ce aljanu ne a ɗaure shi a ɗakin addu'a. A yi masa addu'a a kan hanyar asibiti. Asibitocin Birnin Kebbi da na Argungu za su iya fara dubawa, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato.

Na shida, zama tare. Wani fasto ne, Louis-Lucien Rochat, ya kafa ƙungiyar Blue Cross a Janiba a 1877 don tsayawa da mashaya. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta fara a Amurka a 1935, amma ba a daɗe ba aka gane cewa iyalai ma na bukatar nasu zama, aka kafa Al-Anon a 1951, da Alateen domin matasa a 1957. Ba sai mun jira wani daga waje ba. Ikilisiyoyi uku ko huɗu na gari ɗaya, ko da ɗariƙunsu daban, za su iya haɗa ƙaramin zama sau ɗaya a wata, da sharaɗi guda: abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gare ku 'ya'yanmu

Ɗana, 'yata, in kana karanta wannan kana jin kamar gidanku ake faɗa, ka ji mu da kyau. Ba kai ka sa Baba ko Mama sha ba. Zubar da kwalba, da ɓoye kuɗi, da zuwa na ɗaya a aji ba za su sa ya daina ba, domin wannan yaƙi nasa ne da shi da Allah da likita. In faɗa ya tashi kada ka shiga tsakani, ka ɗauki ƙannenka ku fita. Kada ka hau babur ɗin wanda ya sha, ko da mahaifinka ne. Ka nemi babba guda da ka amince da shi ka gaya masa, in bai saurare ka ba ka nemi wani. Kana iya ƙaunar mahaifinka kana kuma jin haushinsa, Allah ya san duka biyun, ba ya ƙyamarka saboda su.

Ku kuma manya da kuka tashi a irin wannan gida, wasunku yau dattawa ne, wasu shugabannin Zumuntar Mata, kun riƙe abin shekara talatin ko arba'in ba ku gaya wa ko abokin aurenku ba. Ku ne kuka fi kowa iya gane yaron da ke cikin wannan hali daga yadda yake zama a benci. Muna roƙonku ku matsa kusa da shi.

Ɗan'uwa mai sha, ba mu rubuta wannan don mu kunyata ka ba. Mun san da yawanku da safe kuna kuka, kuna alkawari da gaske. 'Ya'yanka suna ƙirga alkawaran. Ka zo tun suna gida, tun ana iya gyara, mu raka ka wurin likita, mu tsaya tare da kai in ka faɗi ka sake tashi.

Muna roƙon kowane kwamitin dattawa ya sa wannan magana cikin ajandar zamansa na gaba, kowane malamin Makarantar Lahadi kuma ya sake duba rajistarsa, ya ga wane yaro ne ya daina zuwa, ya je ya tambaya. Ubangiji ya ba mu idon gani da ƙarfin aikatawa, ya tsare gidajenmu da 'ya'yanmu. Amin.